Hannun da Korau Ya Bari a Jikin Dutse

An ɗauke wuta tun kafin isha'i, yaran gidan suka taru a tabarmar Yaya Tasalla. Ita ce babba a cikin jikokin Kaka Korau, ita ce kuma mai labari. Bawa, ɗan Gwaggo Ladidi, yana can gefe yana kwaikwayon yadda kakansu ke cin tuwo da hagu, ƙananan suna ta ƙyalƙyala dariya.

"Bawa, sake yi in gani," in ji Tasalla.

"Ai wasa ne, Yaya. Ba kakana ba ne? Tsoho da gemu, loma da hagu!"

"Wasan jika halalinka ne. Ja gemunsa, ɓoye masa carbi, babu mai hana ka. Amma hannun nan ka fita harkarsa. Ba don hannun nan ba, da babu kai."

Dariya ta tsaya. Kande, ƙaramarsu, ta matso ta kama zanen Tasalla.

"Ku matso. Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba zan ce muku ga ta nan ba. Daga bakinsa na ji. Sau ɗaya ya faɗa mini, bai ƙara ba."

Ta rage murya.

Kun san Kaka magini ne. A Zariya, in ana maganar ɗaurin guga da baka, wato rufin soro mai lanƙwasa, sunansa ake fara kira. Lokacin Gwaggo Ladidi tana budurwa, ƙodarta ta lalace. Aka yi ta yi mata wankin ƙoda har jikinta ya gaji. Aka auna dangi, tasa ce kaɗai ta dace. Shi ne suka tafi Indiya su biyu, wani gari a can kudu, inda ake irin wannan aiki.

Ana gobe za a yi aikin, likita ya ce masa ya je ya sha iska, amma ya dawo kafin dare a kwantar da shi. In bai dawo ba, an fasa. Ita kuwa ba ta da sauran ƙarfin jira.

Ranar Litinin ce. Ya tashi da azumi. Bakance ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa saboda ita, bai gaya wa kowa ba.

Zama ya gagare shi. Ya fita yana tafiya, bai san inda za shi ba. Ya bar kwalta, ya bi wata hanya ta cikin gonakin shinkafa. Can sai ya hango gini.

Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai ga irinsa ba. Ɗakin bauta ne na mutanen Hindu, na zamanin da can, an daɗe da barinsa. Dutse ne zalla. Hasumiya ce hawa bisa hawa, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta, tana ta tsukewa tana yin sama. Amma ba ta da kai. A can ƙoli aka tsaya, kamar an kira magina cin abinci ba su dawo ba. Dutsen da za a rufe ta da shi yana kwance a cikin ciyawa, kewayayye mai tsaga-tsaga kamar kabewa, girmansa ya kai rumbu.

A bakin hanya akwai mai shayi. Da ya ga Kaka ya nufi ƙofar, sai ya nuna masa rana, ya girgiza kai, ya yi ta kaɗa hannu. Ba sa jin yaren juna. Kaka ya ɗauka zafi yake gaya masa. Ya yi murmushi. Mutumin Zariya za a gaya wa rana? Ya wuce.

Tsakar rana ce cak.

"Wayyo," in ji Kande. "Lokacin fitarsu."

"Lokacin fitarsu," in ji Tasalla. "Kun san me ya sa? In rana ta take tsaka, kowa inuwarsa tana ƙarƙashin ƙafarsa. Ba ka gane mai ita da marar ita."

Ya yi bisimilla ya shiga. Abin da ya fara yi, irin na magina, ya ciro allurar da ke maƙale a hularsa ya nemi tsakanin dutse da dutse. Ta ƙi shiga. Babu laka, babu siminti. An fafe kowane dutse ne ya zauna cikin ɗan'uwansa, nauyinsu ke riƙe da su.

Daga ƙasa, jerin giwaye ne aka sassaƙa kewaye da ginin, kamar su suke ɗauke da shi a gadon bayansu. Samansu dawaki. Saman dawaki makaɗa da masu rawa. A tsakar fili ga wani bijimin dutse a durƙushe, ya kafa wa ƙofa ido. Ciki kuwa ginshiƙai ne kamar daji, babu biyu masu ado iri ɗaya. A rufi an yi furen bado, ya buɗe yana kallon ƙasa. A gefen ƙofar ɗaki na can ciki, mai duhu, ga siffar wani mutum da hular sarauta, ya haɗa tafukansa a ƙirji. Ɗan ƙarami aka yi shi, bai kai gwiwar masu gadin da aka sassaƙa a ƙofar ba.

Babu tsuntsu. Babu ƙadangare. Ko ƙuda babu.

Sai ya ji ƙwal.

Shiru.

Ƙwal.

Ƙarar guduma a kan ƙarfe. Ya bi ta, ya zagaya bayan ginin. Nan ya tarar da wani tsoho a tsugune, daga shi sai ɗan gyauto, jikinsa duk garin dutse. Yana sassaƙa wani falalen dutse da ya jingina da bango. Dutsen bai zauna daidai ba. Kowane bugu sai ya goce, tsohon ya gyara da gwiwa, ya sake bugu, ya sake gocewa.

To, ku gaya mini. Ɗan halak ya ga tsoho yana fama da aiki shi kaɗai, me zai yi?

"Ya taya shi," in ji Bawa, murya ƙasa-ƙasa.

Haka aka tarbiyyantar da mu. Kaka bai ko yi tunani ba. Ya ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya tsuguna, ya ɗora hannun damansa a kan dutsen ya danne.

Tsohon ya tsaya. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Yauwa."

Da Hausa. Hausa tsantsa, irin ta cikin birnin Zariya. Amma bakinsa abu daban yake faɗa. Leɓɓan suna tafiya wata hanya, muryar tana zuwa ta wata.

Ya ce, "An daɗe ba a ce mini sannu ba."

Ya ɗaga guduma. Nan Kaka ya lura da abu na biyu. Ƙarar tana riga bugun. Sai ka ji ƙwal, sannan gudumar ta sauka.

Ya dubi ƙasa. Ƙafafun tsohon ba a kan daɓe suke ba. A cikinsa suke. Daga idon sawu zuwa ƙasa babu rabuwa tsakaninsu da dutsen, gansakuka ta bi ta rufe wurin.

Kaka ya ja hannunsa. Hannu ya ƙi tasowa.

"Baba, sakar mini."

"Ba ni na riƙe ka ba."

"To wa?"

"Mai aikin."

Tsohon ya ci gaba da bugu yana magana, a hankali, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ya ce wani sarki ne aka yi a ƙasar. Abokan gaba suka kewaye shi, ya yi wa abin bautarsa bakance: in ya tsira, zai gina masa gida na dutse wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Ya tsira. Ya aika aka kwaso masassaƙa daga garuruwa, kowa da kayan aikinsa. Ya ware ƙauyuka, shinkafarsu ta ciyar da ma'aikata. Ya ba da garken shanu, mansu na fitilu ne kaɗai. Giwayen yaƙinsa ya mayar masu jan dutse. Aka tara tudun ƙasa daga nesa har wuyan hasumiya, don a mirgina dutsen rufi zuwa sama.

"Shi ne wanda ka gani a bakin ƙofa," in ji tsohon. "Shi ya ce a yi shi ƙarami. Ya ce a gaban mai gidan, shi ma bara ne. Ba mugu ba ne. Tsoro yake kada ya mutu bai cika alkawari ba."

Saboda wannan tsoron ya sa aka tara su, aka rantsar da su a gaban wuta. Duk hannun da ya taɓa aikin nan, duk bakin da ya ci abincin aikin nan, na aikin ne, har ranar da sarki zai zo ya duba da idonsa ya ce ya isa.

"Sai aka yi yaya?" in ji Kaka.

"Ya tafi wani yaƙin."

Ƙwal.

"Muna jira."

Kaka ya ɗaga ido ya dubi bangon da ke gabansa. Can ƙasa, ƙarƙashin giwaye, akwai wani ɗan siririn jeri da bai lura da shi ba. Ma'aikata ne aka sassaƙa, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba. Masu ɗaukar dutse, masu jan igiya. Ya bi su da ido. Na farko-farko da gyauto. Can gaba sai ga wani da bindiga a kafaɗa. Wani da malafar Turawa. Wani da agogo a hannu. Na ƙarshe, jakar goyo ce a bayansa, takalminsa mai igiya.

Bayan shi akwai gurbi. Daidai girman dutsen da Kaka ya danne.

Ya dubi abin da tsohon ke sassaƙawa. Babu fuska tukuna, babu jiki. An dai zana inda za su zauna, da 'yar alamar hula a sama, irin tamu. Abu ɗaya aka gama. Hannun dama. Har da tabon da azara ta yi masa a babban yatsa yana yaro.

Kande ta cusa fuskarta a cinyar Tasalla. Tasalla ta dafa kanta ta ci gaba.

Ya karanta duk abin da ya zo bakinsa. Sanyi ya kama yatsunsa, ya hau tafin hannu. Sai ya ji ƙamshi.

Mace ce ta fito daga cikin ginshiƙai. Ƙafafunta cike da sarƙoƙi masu ƙararrawa, amma ko ɗaya ba ta yi ƙara ba. Ta durƙusa ta shimfiɗa ganyen ayaba a gabansa. Ta zuba shinkafa mai tururi, ta kwarara man shanu. Ta ajiye ruwa a kofin tagulla, sanyinsa har ya yi raɓa a jikin kofin.

Ta ce, "Baƙo ya yi aiki. Baƙo ya ci."

Maƙogwaronsa ya bushe kamar tsohon tulu. Ba ma yunwar ba. Kun san mu. A kawo maka abinci har gabanka ka ƙi? Ko ka ƙoshi, sai ka ɗan taɓa, don mai kawowa. Ya ce wallahi bai san lokacin da hannun hagunsa ya miƙe ba.

Gudumar tsohon ta tsaya a sama. Ƙarar ta zo, bugun bai sauka ba.

Wannan shirun ne ya dawo da shi. Ya janye hannu.

"Ki yi haƙuri, Baiwar Allah. Ina azumi."

"Ba a mayar da abincin sarki."

"Ba raini ba ne. Bakance na yi."

"Ga wa?"

"Ga Ubangijina. 'Yata ce ba lafiya. Gobe za a ciri ƙodata a sa mata. In ban koma yau ba, ba za ta kai ba."

Matar ta kafa masa ido. Idonta ba ya ƙiftawa.

Ta ce, "Bakance ne ya gina wurin nan. Ba ma karya na wani." Ta gyara zama, ta naɗe hannuwa. "Yaushe kake buɗe baki?"

Bai iya ƙarya ba, kun san shi. Ya ce, "In rana ta faɗi."

"Zan jira."

Ya dubi sama. Yanzun nan rana take tsaka, ga ta har ta yi ja ta rataya a kan itatuwan kwakwa. Inuwarsa ta miƙe doguwa a kan daɓe. Ita kaɗai. Su biyun babu komai a bayansu.

Tsohon ya yi magana, bai dube shi ba.

"'Yar taka, wa sunanta?"

"Ladidi."

"Ta yi wayo?"

"Ta isa aure."

"Tawa tana koyon tafiya aka zo aka tafi da mu. Na ce mata in an girbe shinkafa zan dawo."

Ya juya ƙarfen sassaƙarsa a hannu. Ya daɗe yana juya shi. Sannan ya ɗora bakin ƙarfen a kan ɗan hannun nan na dutse, daidai wuyan hannu.

Matar ta ce, "Tsoho."

Ya ce, "Rantsuwa ta ce hannu da baki. Hannu ya taɓa. Baki bai ci ba. Ina ba sarki abin da yake nasa."

Ya buga.

Kaka ya ce bai ji zafi ba. Ji ya yi kamar an tsinke igiya a cikin jikinsa. Hannunsa ya taso daga kan dutsen, ya faɗo gefensa, da nauyi, da sanyi. Yana nan a jikinsa, amma ba nasa ba ne.

"Tashi," in ji tsohon. "Ka ji da kyau. Siffar nan an fara ta, ba ni da ikon bari. Amma babu wanda ya ce in yi sauri. Zan ja ta iyakar iyawata."

"Baba, Allah ya..."

"Kada ka gode. Kada ka gai da kowa. Kada ka taya kowa. Ko wa ka gani."

Ya tashi. Ya bi ta cikin ginshiƙai, don nan ce hanya. Ɗazu babu kowa. Yanzu wurin cike yake. Mutane a kan tsani, mutane a ƙasa, masu jan igiya, masu goge dutse da yashi. Babu mai inuwa. Duk suka bar abin da suke yi suka juyo.

"Baƙo, ba gaisuwa?"

"Haka ake yi a garinku?"

"Kama mana nan, ɗan kaɗan."

Ya sunkuyar da kai. Mutumin da ko akuya ya wuce sai ya yi mata magana, ya ratsa ɗaruruwan ma'aikata bakinsa a rufe.

A bakin ƙofar waje, kusa da bijimin dutse, wani dattijo ya durƙusa yana kokawa da kwandon tsakuwa. Ya ba shi baya. Amma Kaka ya san wannan ƙeyar. Ya san wannan rigar saƙi.

"Korau," in ji muryar. "Ɗora mini, ɗana. Wuyana."

Muryar mahaifinsa ce, wanda ya binne da hannunsa a Zariya.

Ya tsaya. Ya ce ƙafarsa ta juya da kanta. Rana saura ƙiris, kamar bakin faifai a bayan gonaki. A bayansa yana jin ƙamshin shinkafa yana matsowa.

Ya ce a ransa, Baba yana kabarinsa, Allah ya ji ƙansa. Ladidi tana kan gado.

Ya wuce. Yana kuka ya wuce. Muryar tana kiransa, tana cewa ashe haka zai yi mata, har ya taka bakin hanya.

Mai shayi yana nan, ya haɗa kayansa amma bai tafi ba. Da ya gan shi sai ya dafe ƙirji. Ya dubi hannun, ya kawar da kai. Ya ba shi ruwa ya buɗe baki, ya tsayar masa da ɗan adaidaita, ya ƙi karɓar komai.

Ya isa asibiti ana nemansa. Likitoci suka duba hannun, suka ɗauki hoto, suka ce ƙashi lafiya, jijiya lafiya, ba su ga komai ba. Washegari aka yi aiki. Gwaggo Ladidi ta tashi. Ta yi aure, ta haifi wani mai kunnen ƙashi da ke kwaikwayon kakansa.

Babu wanda ya yi dariya. Bawa yana kallon tabarma.

"Bai sake ɗora tubali ba," in ji Tasalla. "Kuma in kun lura, in rana ta take tsaka yakan shige ɗaki ya rufo ƙofa. Hannun ne. Lokacin yake motsi. Yatsun su dunƙule, ya riƙa ɗagawa yana saukewa a kan cinyarsa. Yana can yana aiki."

"Yaya," in ji Bawa, "tsohon fa? Yana nan yana sassaƙawa?"

"Yana nan. Amma ya riƙe alkawari. Da suka dawo, sanyin a wuyan hannu yake. Shekarun nan duka, bara da na shafa masa man zafi, iyakarsa gwiwar hannu. Tsohon yana ja."

"In ya gama fa?"

"Kai dai ka yi wa kakanka addu'a. Kuma ku ji ni, dukanku. Kufai ko na wace ƙasa ne, akwai masu shi. Kada ku shiga ku kaɗai, balle da tsakar rana. In kun tarar da mai aiki a inda bai kamata a ga mai aiki ba, ku dubi ƙafarsa kafin ku dubi wahalarsa. Hannunku ya zauna a aljihu. Allah ya tsare mu da abin da muke gani da wanda ba ma gani."

"Amin," suka ce, a tare, a hankali.

Daga ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida aka yi tari. Muryar Kaka Korau ta fito, a gajiye, da 'yar dariya a cikinta.

"Tasalla, amaryata, kin cika surutu. Cikin mayaƙan naki wa zai zo ya ja mini bargo? Kafaɗar daman nan ce. Tun jiya take mini sanyi."

Hannun Tasalla ya tsaya cak a kan Kande.

Bawa ne ya tashi.